Ranar da Matan Jikwoyi Suka Dafa Ruwan Baftisma

Rifkatu, Yohana, Ladi, saboda ku na zauna rubuta wannan babin, musamman ke Rifkatu. Na san abin da kike gaya wa 'ya'yanki idan sun tambaye ki yadda kakansu ya rasu. Kikan ce sanyi ne ya shige shi, daga nan sai ki ja bakinki ki yi shiru, kuma kowa a gidan nan ya san wa kike nufi da shirun. To, ni ba zan yi shiru ba. Na tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ba na so in tafi in bar ku da rabin labari.

Kun taso kun ga babanku yana zuwa coci kowace Lahadi, a benci na uku ta gefen taga, har kuka ɗauka shi ma cikakken mamba ne kamar kowa. Ba mamba ba ne. Shekara ashirin da bakwai muka yi a ikkilisiyar Baptis ta unguwarmu a Jikwoyi, sunana yana cikin littafin mambobi, nasa ba ya ciki. A wurinmu ba a zama mamba sai mutum ya yi shaida da bakinsa a gaban jama'a, an kuma nutsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya. Shi kuwa a cocin iyayensa can ƙasar Zazzau aka yayyafa masa ruwa a goshi tun yana jariri, ya ce wannan ta ishe shi. Saboda haka ba ya ɗaga hannu a taron ikkilisiya, kuma duk Lahadin farkon wata, idan dikinoni, dattawan coci, suna zagawa da farantin gurasar Jibin Ubangiji, sai ya karɓa daga hannuna ya miƙa wa na kusa da shi bai taɓa komai ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, shi ya gina ramin baftismar da hannunsa. Birkila ne, kun sani. Shi ya haƙa shi a bayan mumbari, ya yi masa matakala huɗu, ya liƙa shuɗin tayil, ya gyara bututun fitar da ruwa. Ɗaruruwan mutane sun shiga ramin nan sun fito, mai ginin ko ƙafarsa bai taɓa tsomawa ba.

Na yi masa magana har bakina ya gaji. Na yi da lallashi, na yi da gori, na yi da kuka, na turo masa fastoci uku ɗaya bayan ɗaya. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba.

“Maman Rifkatu, uwata ta goya ni ta yi tafiyar rabin yini a ƙasa don a yi mini baftisma. In na sake wata, na ce wahalar banza ta sha ke nan.”

“Kai dai ka ce taurin kai ke damunka.”

“To, a wurinki na koya.”

Haka muke yi, mu yi dariya, magana ta mutu sai wani watan. Daga baya ma na haƙura na bar wa Allah.

Sai shekarar da hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki a Masaka. Aka kawo mini shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Mutumin da in ya yi kira daga saman gini sai leburori sun ji a ƙasa, ya dawo sai ya yi gumi kafin ya fitar da kalma ɗaya, wata rana ma ko ɗayar ba ta fitowa. A nan na ga abin da ake kira zumunta. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu ba tare da na roƙi kowa ba, wannan ta kawo kunu, waccan ta kwashe wanki. Maza biyu suna zuwa kowace safiya su ɗaga shi su yi masa wanka. Ranar Laraba kuma aka mayar da taron addu'ar yamma tsakar gidanmu, mutum talatin a kan tabarmi da bokitai, ana addu'a da Hausa da Gbagyi da Yarbanci da Turanci, shi yana zaune a kujerar roba yana bin kowa da ido.

Bayan wata bakwai, ranar wata Lahadi da muka dawo daga coci, ya nuna mini tsohon littafinsa na aiki da fensir. Na ɗora masa a cinya. Da hannun hagu, wanda bai saba rubutu da shi ba, ya yi ta jan layi yana gogewa har kusan rabin awa. Da na leƙa sai na ga rami mai kusurwa huɗu, da matakala huɗu a gefe. Ya ɗora yatsa a kan zanen, ya ɗaga ya ɗora a ƙirjinsa. Abin da na roƙa shekara ashirin da bakwai ga shi ya zo, a lokacin da mutumin ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Na aika aka kira Fasto, matashi ne a lokacin, mai sanyin hali. Ya durƙusa a gaban kujerar.

“Baba, baftisma kake so?”

Ya gyaɗa kai.

“Kana ganin wadda mahaifiyarka ta kai ka ba ta yi ba ne?”

Ya girgiza kai da ƙarfi har kujerar ta motsa, idonsa ya kaɗa.

“To, waccan tata ce ta yi maka, wannan kuma kai kake so ka yi da kanka?”

Ya gyaɗa kai, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya shanye. Kada ku tambaye ni abin da ya juya shi. Ban sani ba. Tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ni dai zanen na gani.

Ke Rifkatu a lokacin kina aikin jinya a wani asibiti a cikin gari, kuma ba zan rage miki komai ba, maganarki tana kan hanya. Kin ce ƙirjinsa ba ƙarfi, ko ruwan sha yana sarƙe shi, ga damina ta yi tsakiya, ruwan ramin nan sanyi ƙarara, idan sanyi ya kama shi ko ruwa ya bi masa ta hanci, shi ke nan. Likitansa ma haka ya ce. Kin ce a jira ya samu ƙarfi. Ni da nake juya shi a gado, nake ganin yadda hannunsa ke ƙara sirancewa, na san ƙarfin nan ba mai zuwa ba ne.

A Baptis fasto ba ya yanke irin wannan shi kaɗai, sai an kai gaban taron ikkilisiya kowa ya faɗi albarkacin bakinsa a ɗaga hannu. Aka zauna bayan sujada, babanku yana gaba a keken guragu. Dikin Ayuba ya fara miƙewa. Kun san shi, tsohon soja, mutumin da ko sanarwar ɗaurin aure yake karantawa sai ka ɗauka hukunci yake yankewa.

“Ban ƙi Malam Iliya ba, abokina ne,” in ji shi. “Amma ƙa'ida biyu ce, ba ni na kafa ba. Mutum ya furta da bakinsa, a kuma nutsar da shi duka. Yaya za a yi da wanda ba ya magana, ba ya tsayuwa?”

Wani malamin makaranta ya ce tunda larura ce, a zuba masa ruwa a ka da kofi, Allah ya san zuciya. Bai rufe baki ba babanku ya daki hannun keken da tafinsa na hagu, tas! Ya sake duka. Sai wasu suka fashe da dariya, domin kowa ya gane: mutumin da ya ƙi nutso shekara ashirin da bakwai, yau shi ke ƙin yayyafi. Dikin Ayuba ya sassauta, ya ce in babanku ya iya cewa “I” ko sau ɗaya da bakinsa, shi ya yarda. Sai ke kika miƙe, kika faɗi duk abin da likita ya ce. Fasto ya juyo wajena.

“Mama, ke ce matarsa. Ba za mu ɗaga hannu ba sai mun ji ta bakinki.”

Na tashi. Na dube ki, na dube shi. Shi ba ni yake kallo ba, labulen da ke rufe ramin yake kallo. Na ce a yi masa. Ban yi dogon bayani ba, ni da aka sani da surutu. Aka ɗaga hannu, duk cocin ya ɗaga ban da ke. A bakin ƙofa kika tare ni.

“Mama, in wani abu ya same shi, ke ce.”

“Na ji,” na ce.

Mama Bose ce ta kawo shawarar ruwan zafi, Bayarabiya mai sayar da gari a bakin titi, wadda ta koyi Hausarta a kasuwa.

“Ruwa sanyi ne matsala, ko? To mu dafa shi mana! Kowa ya kawo tukunya ɗaya, Baba ya shiga kamar jariri, ta fito lafiya.”

Aka yi dariyar Hausarta, aka karɓi shawarar. A taron zumunta na ranar Alhamis aka zaɓi mata goma, kowace ta kawo tukunya guda ta tafasasshen ruwa ranar Lahadi da safe, a sirka da wanda ke cikin ramin. Goma aka ce. Na ji da kunnena, an ma maimaita.

Ranar Lahadin gari ya waye da yayyafi. Muna tura keken babanku, ni da Yohana, mun lulluɓe shi da bargo da leda, muka sha kwanar layin coci. Sai na tsaya cak. 'Ya'yana, abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na jin zan sake gani. Mata ne daga kowane lungu, daga ta gangaren rafi, daga ta bakin titin Karshi, daga bayan makarantar firamare, kowace da tukunya a ka bisa gammo, ko bokitin ƙarfe a hannu an naɗe mariƙin da tsumma, tururi na tashi daga kansu cikin yayyafin. Suna tafiya a hankali cikin taɓo kada ruwan ya fallatsa. Wasu sun taho da shi a keke napep tun daga Nyanya, wata tsohuwa da ba ta iya ɗaukar tukunya ta riƙo butar shayi da hannu biyu. Kowace ta zauna a gidanta ta ce a ranta, ai goman nan ba lallai su isa ba, bari in kai tawa. Ba wadda ta gaya wa wata. Na yi ta cewa “Ya Ubangiji, ya Ubangiji.” Babanku ya fito da hannunsa daga cikin bargo yana ƙirga su da yatsa, har ya gaji ya bari.

Alhaji Sani, Bakatsinen da ke da shagon kayan masarufi a gaban cocin, ya fito bakin rumfarsa yana riƙe da haɓa.

“Maman Rifkatu, wa ya haihu a cocin naku? Wannan ruwan wankan jego ai ya ishi mata hamsin!”

“Malam Iliya za a yi wa baftisma, Alhaji.”

Ya dubi babanku, wanda shi ya gina masa shagon. Ya daina dariya.

“Ikon Allah. Allah ya sa a yi a sa'a.”

To, ga inda muka yi wauta irin tamu. Duk wadda ta iso sai ta wuce bayan mumbari ta juye tukunyarta, ba mai iya ce wa 'yar'uwarta ki koma da taki. Wa zai iya? Mace ta tashi ta hura gawayi, ta ɗauko ruwa a ka cikin ruwan sama, ka ce mata ba a bukata? Kafin a farga ramin ya cika har matakala ta farko, tururi ya turnuƙe gaban coci, gilashin idon Fasto ya yi fari fat. Dikin Ayuba ya tsoma yatsa ya fizge da sauri.

“Kai! Baftisma za mu yi ko figar kaza?”

Aka buɗe bututu aka rage, aka je famfo a sirka, famfo ya ce bai san zance ba, ga shi ba wuta. Muna tsaye cirko-cirko sai muka ji ƙarar janareta daga tsallaken layi. Alhaji Sani ne ya tayar da injin rijiyarsa, ya jawo doguwar tiyo da kansa har bakin tagar coci, babbar rigarsa duk taɓo. Bai shigo ba. Ya miƙo bakin tiyon ta taga ya ce in ya isa a ɗaga masa hannu.

A lokacin ne kika shigo, Rifkatu, ke da kika rantse ba za ki zo ba. Kina riƙe da tawul biyu da jakar aikinki. Ba ki dube ni ba. Kika naɗe hannun riga kika tsoma gwiwar hannu cikin ruwan kamar mai shirin wankan jariri, kika ce a ƙara, kika sake tsomawa, kika ce ya isa. Na ga wannan, kuma ban manta ba.

Maza shida suka ɗauke shi a cikin babban zanen gado, uku ta kowane gefe, suka sauka matakalar nan huɗu da kayansu a jiki. Ke kika shiga ta bayansa kika tallafe masa kai. Fasto ya tsaya a gefe, ruwa har ƙugunsa. Cocin ya cika maƙil, har ta tagogi mutane ne, amma kana iya jin ɗigar ruwan sama a kan kwano.

“Iliya, ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, shi ne Ubangijinka da Mai Cetonka?”

Bakinsa ya motsa. Ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, sai iska. Na san irin ranakun nan, ranakun da kalma ke ƙin fitowa ko za a shekara. Fasto ya sake tambaya a hankali. Shiru. Na dubi Dikin Ayuba a bakin ramin, ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, na san ba zai iya janye maganarsa ba, kuma na san ransa ya fi na kowa ɓaci. Na ce a zuciyata, Uba, ka kawo shi har cikin ruwa, a nan za ka bar shi?

Sai muka ji wani sauti, ƙasa-ƙasa, kamar gurnani. Na ɗauka sarƙewa ya yi. Ashe waƙa ce. Babanku ne yake rera wata tsohuwar waƙar sujada ta ƙauyensu, wadda ba ma yin ta a cocinmu, kalma bayan kalma, a fili, ba gargada. Mutumin da ya yi wata bakwai bai haɗa kalma biyu ba! Waƙar kuwa duk shaida ce daga farko har ƙarshe, ta wanda ya ba da kansa ga Mai Ceto. Daga baya kin ce mini wannan sananne ne a asibiti, masu irin ciwonsa sukan iya waƙa ko ba sa iya magana. Na yarda da ke. Amma ni ina wurin, na ji yadda iskar ɗakin ta canza, na ga manyan maza suna rufe fuska da hannu. Tsofaffi uku ko huɗu da suka san waƙar suka kama masa, sauran suka bi da amo kawai. Dikin Ayuba bai jira an tambaye shi ba. Ya sauka cikin ruwan da takalmansa na fata da kwat ɗinsa, yana kuka kamar yaro.

“Ya furta! Fasto, ya furta, me kake jira?”

Fasto ya ɗaga hannu ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ke kika toshe masa hanci da baki da tafinki. Suka sauke zanen gaba ɗaya, ruwa ya rufe shi, suka ɗago. Ƙiftawar ido ce, amma ni na ji kamar an yi shekara. Da ya fito ya ja numfashi, sai guɗa ta ɓarke, matan nan suka kifa tukwanensu suna kiɗa a kai, har Alhaji Sani ya leƙo ta taga yana tambaya ko lafiya.

Lahadin farkon wata da ta biyo, farantin Jibin Ubangiji ya iso benci na uku, ya tsaya. Ni na sa masa gurasar a baki, na riƙe masa ɗan kofin. Sau ɗaya tak ya ci a ikkilisiyar nan. Bayan mako biyar da baftismar tari ya kama shi, ya sauka ƙirji, kwana tara a asibiti ya cika. A maƙabarta, ana zuba ƙasa, kika matso kusa da ni kika ce, “Kin ga abin da na gaya miki.” Daga ranar kika yi shekara biyu ba ki taka gidan nan ba. Yanzu kina zuwa, kina gaishe ni, kina kawo mini magani, amma maganar tana nan tsakaninmu ba mu taɓa ta ba.

Ko ruwan ne ya jawo tarin? Ban sani ba. Na tambayi likitan, ya ce zai yiwu, zai kuma yiwu ko ba a yi ba tarin yana tafe. Na yi addu'a a nuna mini, ba a nuna mini ba. Saboda haka ba zan ce miki hannuna ba ya ciki ba. Ni aka tambaya, ni na ce a yi. Idan hakan ya rage masa kwana, ni na rage, na kuma rage wa kaina, domin ni ce na koma ɗaki ni kaɗai.

Abu ɗaya ne ba ki sani ba, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. Da aka fito da shi daga ruwan, kin juya ɗauko tawul na biyu, maza suna ta rungumar juna, ni na durƙusa ina goge masa fuska da gefen zanena. Sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa na hagu ya jawo ni kusa. Shekara arba'in da aurenmu bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba, kullum Maman Rifkatu. Ya yi ta kokawa da bakinsa, na ce masa ya bari, ya huta. Ya ƙi sakina sai da ya fitar da ita.

“Hannatu. Kin kyauta.”

Bai sake yi mini wata magana ba har ya rasu. Na so in gaya miki tun a maƙabarta, amma a ranar ba za ki ji ba, ni ma ba zan iya faɗa ba. Yau na faɗa.